Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga wakilan Gombe a Majalisar Tarayya kan batun wutar nukiliya

Masu girma sanatocinmu uku da 'yan majalisar wakilanmu shida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da yi muku sannu da aiki, ina roƙon ku ba ni hankalinku na ɗan lokaci. Ni tsohon malamin makaranta ne. Na shafe shekara 30 da ɗoriya ina koyar da kimiyyar fiziks a makarantun sakandare na wannan jiha kafin in ajiye alli. Yanzu ina zaune a cikin garin Gombe, ina kuma da 'yar gona a wajen Deba wadda nake ci da iyalina daga gare ta.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A watan Nuwamban 2024, a taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a birnin Baku na ƙasar Azabaijan, Najeriya ta shiga sahun ƙasashen da suka yi alkawarin ganin an ninka wutar nukiliyar duniya sau uku kafin shekarar 2050. Tun kafin wannan, a 2017, gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Rosatom na ƙasar Rasha kan gina tashoshin nukiliya, an kuma daɗe da ware musu wurare biyu, Geregu a jihar Kogi da Itu a jihar Akwa Ibom. Duk wannan da sunanmu aka yi shi. Amma na tambaya a majalisar da muke zama da yamma, na tambaya a ƙofar masallaci, na tambayi tsofaffin abokan aikina, in ban da mutum biyu babu wanda ya taɓa jin labarin. Abin da zai shafi jikokin jikokinmu bai kamata a ƙulla shi a can nesa, da Turanci, mu kuma ko labari ba mu samu ba.

Ranku ya daɗe, kada ku ɗauka ni maƙiyin nukiliya ne. Na koyar da ita a aji, kuma na san darajarta. Da yawa daga mutanenmu da sun ji kalmar sai bam ya faɗo musu a rai, su tuna Hiroshima. Tashar wuta aikinta daban. A cikin tukunyarta ana farfasa ƙwayoyin zarra na ma'adinin yuraniyom, su fitar da zafi mai tsanani, zafin ya tafasa ruwa, tururin ya juya farfela, farfelar ta juya injin da ke ba da wuta. Iyakar abin ke nan. Ba a ƙona komai a ciki, saboda haka babu hayaƙin kabon da ke fita, wato hayaƙin nan da ke taruwa a sararin sama ya riƙe zafin rana kamar bargo. Ƙwaya ɗaya ta man tukunyar, wato yuraniyom ɗin da ake sa mata, wadda ba ta wuce girman kan ɗan yatsa ba, ƙarfin da ke cikinta ya yi kusan na tan guda na kwal.

Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi lissafin a rahotonsa na 2014, tun daga haƙo ma'adinin da gina tasha har zuwa rushe ta. A kan kowane yunit na wuta, irin wanda muke saya mu loda a mita, kwal yana sakin kusan giram 820 na hayaƙin kabon, iskar gas 490, farantan sola tsakanin 41 da 48, nukiliya kuwa 12 kacal. Faransa ta daɗe tana samun kusan kashi biyu cikin uku na wutarta daga nukiliya, shi ya sa lantarkinta ya fi na yawancin maƙwabtanta tsabta. Haka kuma in aka auna da yawan wutar da aka samar, mutanen da ƙurar kwal ta hallaka a duniya sun ninka waɗanda haɗarin nukiliya ya kashe ninkin ba ninki. Mu nan ma mun san gidajen da aka wayi gari hayaƙin janareta ya tafi da iyali gaba ɗaya, mun san iyayenmu mata da hayaƙin itacen girki ya cinye wa idanu da ƙirji. Duk wanda zai yi maganar nukiliya da gaskiya dole ya faɗi wannan ɓangaren.

Shi kuwa sauyin yanayi ba sai wani ya zo daga waje ya ba Bagombe labarinsa ba. Ina yaro, mahaifina yana duba sama ya ce gobe za mu fita shuka, kuma hakan ake yi. Yanzu ruwa zai sauka a yi shuka, ya ɗauke mako uku tsiron ya ƙone, a sake sayen iri. In ya dawo kuma sai ya zo a fusace, ya zubar da na wata guda a dare ɗaya. Ku duba kwarurrukan da zaizayar ƙasa ta yanka a tsakiyar garin Gombe, gidaje nawa suka rufta a cikinsu. Ku je Nafada da Dukku ku ga yadda dajin ya yi fili. Zafin watan Maris da Afrilu yana haura maki 40, tsofaffi da jarirai su kwana a tsakar gida suna haki. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum sama da 600 a faɗin ƙasar nan, a watan Satumban 2024 kuma madatsar Alau ta ɓalle ta shanye rabin Maiduguri. Alhali duk nahiyar Afirka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke jawo wannan masifa. Tsohon shugaba Buhari ya yi alkawari a taron sauyin yanayi na Gilasgo a 2021 cewa Najeriya za ta daidaita hayaƙinta ya koma babu kafin 2060, sannan shekara guda bayan haka ya zo Kolmani, a iyakarmu da Bauchi, ya ƙaddamar da haƙar mai. A Maiganga ta ƙaramar hukumar Akko kuma kwal ake haƙa. Muna buƙatar wuta, muna buƙatar sana'a, muna kuma buƙatar damina mai tsari, duka a lokaci guda. Na fahimci dalilin da ya sa wasu a Abuja suke ganin nukiliya ce mafita.

Inda hankalina ya kasa kwanciya shi ne tushen abin, wato ramin da ake haƙo yuraniyom ɗin. Masu tallar nukiliya kullum hoton tasha suke nuna mana, fara tas, ga ma'aikata cikin fararen riguna. Ba su cika nuna mana Arlit ba.

Arlit gari ne a jihar Agadas ta Jamhuriyar Nijar, kuma mutanensa 'yan'uwanmu ne, da Hausa ake ciniki a kasuwarsa. Daga 1971, kamfanonin da Faransa ke jagoranta sun shafe shekara sama da 50 suna fitar da yuraniyom daga can. Abin da ya kamata ku sani game da wannan haƙa shi ne, a cikin dutsen da ake fasawa, yuraniyom ɗin bai kai ko kashi 1 cikin 100 ba. Sai a niƙe dutsen, a jiƙa shi da ruwan asid, a tsame ɗan abin da ake so a yi gaba da shi, sauran dusar a jibge ta a nan. Ita wannan dusa tana riƙe da mafi yawan tiririn nukiliyar da ke cikin dutsen tun asali, wato ƙarfin nan da ido ba ya gani amma yake ratsa jiki ya yi masa illa, tana kuma fitar da wata iska mai suna radon, wadda ba ta da launi ba ta da wari, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a sahun gaba wajen jawo sankarar huhu, baya ga taba sigari. Lokacin da aka rufe mahaƙar COMINAK da ke Akokan, dab da Arlit, a watan Maris na 2021 bayan shekara sama da 40 tana aiki, an bar tarin irin wannan dusa kimanin tan miliyan 20. Kamfanin ya ce yana rufe ta da yumɓu da duwatsu. Tun a 2010 ƙungiyar Greenpeace ta fitar da rahoto cewa ta auna ruwan sha a yankin ta tarar yuraniyom ɗin da ke ciki ya haura ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, ta kuma sami tiriri mai yawa a kan titunan Akokan inda yara ke wasa. Ku tuna kuma wuri ne na hamada, inda iska ke kwasar ƙura ta kai ta inda ta ga dama.

Bayan shekara 50 ana haska biranen Turai da arzikin ƙasarsu, kusan mutum ɗaya ne cikin biyar yake da wutar lantarki a Nijar. Shekara da shekaru mafi yawan wutar da Yamai ke sha ma daga Najeriya ake tura mata. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Me ya haɗa wannan da Gombe? Masana duwatsu sun daɗe da gano alamun yuraniyom a yankinmu na arewa maso gabas, musamman a duwatsun Taraba da Adamawa da muke maƙwabtaka da su. Ranar da Najeriya ta kama hanyar nukiliya da gaske, wani zai tashi a majalisa ya ce don me za mu sayo daga waje alhali muna da namu. Maganarsa za ta yi daɗin ji. Tasha tana Kogi ko Akwa Ibom, rami yana wajenmu, kuma ruwan da ke gangarowa daga waɗannan duwatsu shi makiyayanmu ke shayar da dabbobi, shi manoman rani ke ban ruwa da shi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Da a ce tarihinmu wajen kula da bayan haƙa mai kyau ne, da ban damu haka ba. Duk wanda ya bi hanyar Bauchi zuwa Jos ya ga kududdufan da masu haƙar kuza suka bari tun zamanin Turawa, kuma masu bincike sun nuna cewa yashin da aka bari a wuraren yana ɗauke da ma'adinai masu tiriri, ga shi mutane suna ɗiba suna gini da shi. A 1988 aka lallaɓo da dubban gangunan shara mai guba daga Italiya aka jibge a garin Koko, a jihar Bendel ta wancan lokaci, sai da 'yan jarida suka tona. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, kuma likitocin agaji ne suka fara lura da yawan sababbin kaburburan yara. Dalma ana iya kankare ƙasar da ta gurɓata a kwashe. Tiririn nukiliya kuwa ko an kwashe ƙasar yana nan a cikinta, sai dai a jira shi ya huce da kansa, jiran kuma mai tsawo ne.

Man da aka gama amfani da shi a tukunya ba shi da yawa, wannan gaskiya ne, amma a cikinsa akwai sinadarin fulutoniyom wanda sai ya shekara 24,000 kafin rabin ƙarfinsa ya ragu. Ƙasar Finland ta fi kowa nisa wajen nemo masa makwanci. Tun 2004 suke haƙa rami a cikin dutse, zurfin sama da mita 400, da niyyar ya riƙe sharar shekara 100,000. Masarautar Gombe da Modibbo Buba Yero ya kafa, wadda muke gani tsohuwa ce mai dogon tarihi, shekararta 200 da 'yan kai. Jiharmu kuwa 1996 aka ƙirƙiro ta. Ina son in ji daga bakin hukuma: ina za a ajiye tamu sharar, wa zai yi gadinta, da kuɗin wa, kuma shin yarjejeniyar da aka sa wa hannu ta ce mai sayar mana da man zai kwashe abinsa ya mayar gida in ya ƙone?

Akwai kuma batun layin wuta, wanda a ganina shi ne ya fi kusa da mu. A watan Afrilun 2024 ɓarayi suka kayar da turakun babban layin da ya taso daga Jos zuwa Gombe, muka shiga duhu mu da Yola da Jalingo. A watan Oktoban 2024 ɗin kuma kusan duk Arewa ta yi sama da mako guda babu wuta. Maiɗakina tana sayar da ƙanƙara da zoɓo, firjinta ya zama akwatin ajiye kwanuka. Wani tsohon ɗalibina mai walda ya sallami yaransa saboda kuɗin man janareta ya fi abin da yake samu. Duk wutar da babban layin ƙasa ke iya rabawa mutum sama da miliyan 200 tana yawo ne tsakanin megawat 4,000 da 5,000, kuma layin yakan faɗi gaba ɗaya sau da yawa a shekara. Tukunya ɗaya irin wadda Rasha ke gina wa Masar a El Dabaa megawat 1,200 ce, wato kusan rubu'in abin da muke da shi. Ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce kada inji guda ya wuce kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfin layi, domin in ya tsaya ba zato zai ja sauran su faɗi tare da shi.

Abin da ya fi wannan tayar da hankali shi ne, tukunyar nukiliya ko an kashe ta ba ta hucewa nan take. Tana ci gaba da fitar da zafi, dole famfuna su yi ta zagaya mata da ruwa, famfunan kuma wuta suke so daga waje. Abin da ya faru a Fukushima ta Japan ke nan a ranar 11 ga Maris, 2011. Girgizar ƙasa ta katse layin waje, igiyar ruwan teku ta shanye janaretocin dizal na ko-ta-kwana, tukwane uku suka narke, aka kwashe mutum sama da 150,000 daga gidajensu. Japan ce fa, ƙasar da ta yi suna wajen tsari. A Chernobyl ta Yukren, tun haɗarin 26 ga Afrilu, 1986, har yau kewayen kilomita 30 a killace yake. Mu ba mu da irin girgizar ƙasar Japan, Alhamdu lillahi, amma muna da layin da ke faɗuwa da kansa, muna da masu kwance turaku, muna da 'yan bindiga. Shi kansa zafin duniya yana taɓa tashoshin: a bazarar Turai ta 2022 sai da Faransa ta rage ƙarfin wasu nata saboda ruwan kogunan da ke sanyaya su ya yi ɗumi. Geregu a bakin kogin Neja take, kogin da miliyoyin mutane ke sha suna kamun kifi a cikinsa.

Kuɗi da lokaci ba sai na tsawaita ba. Masar rancen dala biliyan 25 ta ci daga Rasha. Finland ta fara ginin wata tukunya a 2005 da nufin gamawa a 2009, ba ta fara aiki sosai ba sai 2023. A duk Afirka tasha ɗaya ce ke ba da wuta, Koeberg ta Afirka ta Kudu, tun 1984. Mu kuma Geregu ɗin nan a ƙaramar hukumar Ajaokuta take, kusa da masana'antar ƙarafan da aka ba Tarayyar Sobiyet kwangilarta a 1979, wadda har yau ba ta kai ga abin da aka gina ta dominsa ba. Megawat 3,050 na madatsar Mambila tun ina saurayi ake maganarsu. Madatsar Dadin Kowa da ke kan kogin Gongola, a gidanmu, sai da ta shekara sama da 30 da ginawa kafin megawat 40 ɗinta su fara haska kowa. Hangen Dala ba shiga birni ba. Manomin da geronsa ke ƙonewa bana ba zai iya jiran wutar da za ta zo bayan shekara 20 ba.

Ba na raina masananmu. Akwai ƙaramar tukunyar bincike mai kilowat 30 a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, tana aiki tun 2004, kuma a 2018 aka sauya mata mai zuwa wanda ba a iya haɗa makami da shi. 'Ya'yanmu ne suke riƙe da ita, ina alfahari da su. Hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa tun 1976 aka yi dokarta, hukumar da ke sa ido kan tsaron nukiliya kuma ta fara aiki a 2001. Amma tsakanin kilowat 30 da megawat 1,200 akwai tafiya mai nisa, kuma mai sa ido ba ya iya tsawatar wa gwamnatin da yake miƙa wa hannu kowane wata. Ku ne masu yin kasafi. Ku ba wannan hukuma kuɗinta da 'yancinta tun yanzu, ku gwada ta a kan ƙananan abubuwa, kududdufan Jos da na'urorin asibitoci da na kamfanonin mai, mu ga kamun ludayinta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sashe na 12 na tsarin mulki ya ce babu wata yarjejeniya tsakanin Najeriya da wata ƙasa da za ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta amince, rancen waje ma sai ya biyo ta gabanku. Saboda haka ina roƙonku ku nemi a kawo takardun da aka sa wa hannu a shimfiɗa su a zauren majalisa, a karanta abin da suka ce kan shara, kan diyya in haɗari ya auku, kan wanda zai biya kuɗin rushe tasha in ta tsufa. Dokar auna tasirin ayyuka ga muhalli tana nan tun 1992, ku tsaya a kan cewa ba za a ba kowa lasisin neman yuraniyom a arewa maso gabas ba sai an auna ruwa da ƙasa da lafiyar mutanen wurin tun kafin a sara diga, an kuma ajiye kuɗin gyara a asusun da kamfani ba zai iya taɓawa ba.

Kafin nan kuma ga rana tana dukanmu kyauta tun daga hantsi har la'asar. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kafa kasuwar wutarsu. Filin farantan sola ana kafa shi cikin shekara ɗaya ko biyu, ba ya jiran layin Jos, kuma in aka haɗa shi da ruwan Dadin Kowa, rana ta riƙe yini, madatsa ta taimaka da dare. Na san sola tana da nata aibin, baturanta sukan mutu, su ma shara ne mai guba da ya kamata a tsara yadda za a tattara su. Amma asibitin ƙauye a Balanga ko Shongom da ke karɓar haihuwa da fitilar waya zai iya samun haske a wannan shekarar. In ana rabon kuɗin sauyin yanayi a Abuja, wannan ya kamata wakilin Gombe ya fara ɗaga wa hannu.

Buƙatata ta ƙarshe ita ce mafi sauƙi. Ku shirya zaman jin ra'ayin jama'a a nan Gombe, ku gayyato shugabannin hukumomin nan biyu da malaman Zariya, ku sa gidajen rediyo su watsa kai tsaye. A yi bayanin da Hausa da Fulatanci, a samu masu fassara da Tangale da Tera da Waja da Bolanci. A kira sarakuna da ardo-ardo da ƙungiyoyin manoma da mata masu sana'a, in da hali a gayyato ko mutum ɗaya daga Arlit ya faɗa mana abin da idonsa ya gani. Ku sa zaman a watan Afrilu, lokacin da zafi ya kai zafi, domin baƙin su ji abin da muke ji a jikinsu. In Allah Ya kai mu, zan zo da tambayoyina a rubuce, zan kuma taho da tsofaffin ɗalibaina waɗanda na koya wa yadda ƙwayar zarra ke fashewa.

Allah Ya yi muku jagora, Ya ba ku ikon sauke nauyin da muka ɗora muku.

Wassalam.

Naku,
Malamin kimiyya mai ritaya,
Gombe.